Amsa: Kula da Baba bayan tiyatar kansar fankiriyas

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce an yi masa aikin Whipple, wato tiyatar cire wani sashe na fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi, mai taimakawa wajen narkar da abinci) da na hanji, an sallame ku kun dawo gida nan Jos, kina tambayar yadda za a kauce wa matsala.

Abin da na fi jin tsoro shi ne yoyon ruwan fankiriyas daga inda aka ɗinke ta da hanji. In zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko ciwon ciki ya ƙaru, ko ruwan da ke fita ta robar cikinsa ya sauya launi, ko kika ga jini ko baƙin bayan gida, kada ki jira gari ya waye. Ku koma wurin likitansa, ko ku nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo.

Kada sanyin Jos ya sa ku bar shi cikin bargo wuni guda. Ya riƙa takawa kaɗan-kaɗan yana jan dogon numfashi, don kwanciya ke jawo daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu. In an rubuta masa allurar hana daskarewar jini, a kammala ta. Akan yi ta har mako 4.

Abinci kuwa kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a rana. In bayan gidansa na da maiƙo, ko yana ramewa, ki tambayi likita maganin narkar da abinci irin Creon, wanda ake sha tare da loma ta farko. A riƙa auna sugansa, tunda fankiriyas ce ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini.

Don Allah, duk jiƙon da 'yan dubiya suka kawo, a ajiye shi gefe sai likita ya amince.