Filin Tambaya da Amsa: Shin Orwell Ya Hango Zamaninmu Ne?

Tambaya: Ina koyar da adabi a wata sakandare a Agege. Ɗalibaina sun dage cewa littafin 1984 na George Orwell duba ne, wai halin da muke ciki ya faɗa. Yaya zan nuna musu inda ya yi daidai da zamaninmu ba tare da aji ya koma dandalin siyasa ba? Daga wata malama, Agege.

Amsa: Malama, fara cire musu batun duba. Littafin ya fito a 1949, kuma abin da Orwell ya gani ya rubuta: mulkin Stalin, na Hitler, da farfagandar yaƙi da ya san cikinta lokacin da yake aiki a BBC. Dabarun mulki ya zayyana, su kuwa dabaru ba sa tsufa. Idan kika tambayi yara ko Najeriya ce wannan, gardama za ki samu. Tambaye su wace dabara ce a shafin nan, kuma a ina suka taɓa ganin irinta.

Wurin da ya fi sauƙin farawa shi ne rabon cakulan. A littafin an rage rabon mutum daga giram 30 zuwa 20 a mako, washegari aka sanar cewa jama'a na ta murna saboda an ƙara shi zuwa giram 20. Sa kowane ɗalibi ya kawo labarin jarida guda biyu a kan magana ɗaya, misali farashin fetur, tsakaninsu wata shida. A allo a rubuta wanda ya yi maganar, ranar, adadin da ya ambata, da abin da ya kwatanta adadin da shi. A na ƙarshen nan ne aka fi yi wa mutane rufa-ido. In aka ce hauhawar farashi ta ragu, ba kaya ne suka yi araha ba; tashinsu ne ya rage gudu. Kwandon tumatir a kasuwar Mile 12 yana iya ci gaba da tsada alhali sanarwar ba ƙarya ba ce.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne tsayawa a kan kamanni kawai. Dole a nuna bambanci. Aikin Winston, jarumin littafin, shi ne gyara tsofaffin jaridu su dace da maganar gwamnati ta yau, sannan a ƙone na asali, ba wanda zai iya kafa hujja. Mu ma mun ga an taɓa 'yan jarida: a ƙarƙashin Doka ta 4 ta shekarar 1984, gwamnatin soja ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian ta nan Legas shekara guda. An kuma rufe Twitter a Najeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. To amma mutane sun zagaya ta VPN, manhajar da ke ɓoye inda mutum yake shiga intanet, kuma a Yuli 2022 kotun ECOWAS ta yanke cewa rufewar ta saɓa doka. A duniyar Orwell babu kotun da za a kai ƙara. Ɗalibin da ya gane wannan zai san abin da ya kamata a kare.

Tambaya: Na ji ana cewa Aldous Huxley ya fi Orwell dacewa da zamanin waya. Gaskiya ne? Daga wani ɗan kasuwa, Idi-Araba.

Amsa: Alhaji, a ganinmu akwai gaskiya mai yawa a ciki. A littafin Huxley, Brave New World, wanda ya fito a 1932, ba a mulki da bulala. Ana ƙyanƙyasar jarirai a kwalba, a kasa su aji biyar, a riƙa cusa musu karatu suna barci har kowa ya so matsayinsa. Wanda ransa ya ɓaci sai ya haɗiyi wata ƙwaya mai gusar da damuwa da ake kira "soma". Ba sai an hana mutum gaskiya ba, shagala ce ta hana shi nemanta. Gwajin yana hannunka: shiga saitin wayarka, ka duba awa nawa aka ci a TikTok da Facebook a makon nan, ka kwatanta da lokacin da aka ba wa karanta labari guda daga farko har ƙarshe. Sai dai mutanen Huxley a ƙoshe suke. Wanda ya yini cikin cunkoson Oshodi yana lissafin kuɗin mota ya fi kama da talakawan Orwell, waɗanda su ne kashi 85 cikin 100 na al'umma, aka bar su da wahalar neman abinci da cacar lotiri.

Tambaya: Akwai irin waɗannan littattafai da Hausa? Daga wani ɗalibi, Obalende.

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. Nemi Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin Orwell, Animal Farm, a 1975. Kafin ka yi nisa, kwafe dokoki bakwai da dabbobin suka rubuta a bango a takarda daban. Duk inda aka sake ambaton wata doka, koma ka gwada da takardarka. Za ka tarar ba a fara da goge doka ba, 'yan kalmomi ake ƙara mata a ƙarshe: hana kwana a gado ya koma hana kwana a gado mai zani, hana shan giya ya koma hana sha fiye da kima. Ka kuma lura da waɗanda suka iya karatu a gandun, da abin da kowannensu ya yi ranar da aka sauya rubutun.