Atlético Nacional: Me ya sa ake kiransa babban kulob ɗin Kolambiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa Atlético Nacional ne kulob mafi girma a Kolambiya, kuma ya ci lig sau 18. Ta yaya aka yi ya tara wannan adadi, kuma gaskiya ne da kuɗin ƙwaya ya ci kofinsa na 1989?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kulob ɗin na birnin Medellín ne. An kafa shi a 1947 da sunan Atlético Municipal, aka sauya masa suna a 1950. Rigarsa kore da fari ce, kuma yana wasa a filin Atanasio Girardot, wanda yake rabawa da abokin hamayyarsa Independiente Medellín.

Batun 18 ɗin yana buƙatar bayani, domin lissafin Kolambiya ya bambanta da na Ingila ko Sifaniya. Tun 2002 ake buga gasa biyu a shekara, Apertura a rabin farko, Finalización a rabi na biyu, kowacce da zakaranta. Kammala wasannin lig a saman teburi ba ya ba kulob kofi. Yawanci takwas na sama ake raba su rukuni biyu, huɗu-huɗu, waɗanda suka zo na ɗaya a kowane rukuni su buga wasan ƙarshe gida da waje. Nacional ya ci bakwai a tsohon tsari: 1954, 1973, 1976, 1981, 1991, 1994 da 1999. Sauran 11 sun zo ne daga 2005 zuwa ƙarshen 2024, ciki har da uku a jere ƙarƙashin koci Juan Carlos Osorio a 2013 da 2014. Don haka wanda ya jera 18 ɗin nan kusa da kofunan lig na Turai bai yi adalci ba.

Girman kulob ɗin na gaske yana Copa Libertadores, wato gasar zakarun Kudancin Amurka. América de Cali ta kai wasan ƙarshe sau uku a jere, 1985 zuwa 1987, da ƙwararrun 'yan wasan da ta sayo daga waje, duk ta sha kashi. Kocin Nacional, Francisco Maturana, ya bi wata hanya dabam: 'yan Kolambiya zalla, gajerun fasin a ƙasa, 'yan baya huɗu a layi ɗaya suna matsowa gaba. Wannan tsari yana barin fili a bayansu, kuma mai tsaron raga René Higuita ne ke fitowa daga da'irarsa ya share ƙwallon da ƙafa.

A wasan ƙarshe na 1989 Olimpia ta Paraguay ta ci su 2-0 a Asunción. Wasa na biyu a Bogotá aka yi shi, saboda filin Medellín bai kai yawan kujerun da doka ta buƙata ba. Nacional ya rama 2-0, aka tafi bugun fenariti, kowane ɓangare ya buga tara. Higuita ya yi ta tarewa, amma abokan wasansa suka riƙa ɓarar da damar da yake samar musu, har Leonel Álvarez ya zura ta ƙarshe, aka tashi 5-4. Wannan ne karon farko da kofin ya shiga Kolambiya. A watan Disamba suka haɗu da AC Milan ta Arrigo Sacchi a Tokyo, a wasan zakarun Turai da na Kudancin Amurka, suka riƙe ta har minti na 119 kafin Alberigo Evani ya ci su da bugun tazara.

Zancen kuɗin ƙwaya kuwa ba daga sama ya faɗo ba. A shekarun 1980 masu safarar hodar iblis sun kutsa cikin ƙwallon ƙasar, kuma Medellín ce cibiyar babban dillalin ƙwaya Pablo Escobar. A Nuwamban 1989 aka harbe alƙalin wasa Álvaro Ortega a birnin, aka soke gasar lig ta shekarar gaba ɗaya. A 1990 alƙalin da ya hura wasan Nacional da Vasco da Gama ta Brazil a Libertadores ya kai ƙarar cewa an yi masa barazana, hukumar ƙwallon Kudancin Amurka, CONMEBOL, ta soke sakamakon, aka sake wasan a Santiago ta Chile, Nacional ya sake yin nasara. Higuita kansa ya yi zaman gidan yari a 1993 kan shiga tsakani wajen sakin wata yarinya da aka sace. Wannan tabo ne na gaske. Sai dai hukuncina shi ne bai isa ya goge ingancin tawagar ba, domin ita ce ƙashin bayan tawagar ƙasar da Maturana ya kai Kofin Duniya a 1990 bayan shekara 28 ba ta je ba. A cikinsu akwai ɗan baya Andrés Escobar, wanda aka kashe ranar 2 ga Yulin 1994, kwanaki kaɗan bayan ya ci gida a wasa da Amurka a Kofin Duniya na shekarar.

Rukunin kamfanonin Ardila Lülle ya sayi kulob ɗin a 1996, kuma a hannunsa aka ci Libertadores ta biyu a 2016, ƙarƙashin Reinaldo Rueda. Ba a zura wa mai tsaron raga Franco Armani ko ƙwallo ɗaya ba a wasanni shida na rukuni. Miguel Borja, wanda aka sayo ana daf da wasan kusa da na ƙarshe, ya ci São Paulo huɗu a wasa biyu, sannan ya ci ƙwallon da ta ba su nasara a kan Independiente del Valle ta Ekwado a wasan ƙarshe.

A ƙarshen 2016, ranar 28 ga Nuwamba, jirgin da ya ɗauko tawagar Chapecoense ta Brazil zuwa karawa da Nacional a wasan ƙarshe na Copa Sudamericana, gasa ta biyu a daraja a Kudancin Amurka, ya faɗi kusa da Medellín bayan mansa ya ƙare, mutum 71 suka rasu. A daren da ya kamata a buga wasan, jama'a suka cika Atanasio Girardot sanye da fararen kaya, riƙe da kyandir. Nacional bai taɓa cin wannan kofi ba, ya riga ya sha kashi a wasan ƙarshensa a 2002 da 2014, amma shi da kansa ya roƙi CONMEBOL ta ba Chapecoense, aka kuma ba ta.