Baƙin da ke jikin tsingaron Girkawa ba fenti ba ne

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga hoton da ka sa na gutsattsarin tukwanen da ka gani a gidan tarihi a Atina, babban birnin Girka, masu baƙaƙen mutane da dawakai a kan jan yumɓu. Ka ce wane irin fenti ne wannan da ya haura shekara 2,500 bai koɗe ba, kuma me ya sa ake adana fasasshen abu a cikin gilashi. Lokacin karatuna na yi bazara biyu ina wanke irin wannan tsingaro ina tantance shi, to bari in gaya maka abin da hannuna ya taɓa.

Da fari dai, ba fenti ba ne. Yumɓu ne, irin wanda aka gina tukunyar da shi. Sukan jiƙa shi a ruwa su bari tsakuwa da yashi su kwanta, su tsiyaye na sama, su sake, har sai an samu wani ruwan yumɓu mai laushi kamar koko. Da shi mai zane yake zana mutum ko doki a jikin tukunya tun tana ɗanya. Abin da ya fi ba ni mamaki har yau shi ne, a lokacin nan zanen da tukunyar kusan launinsu ɗaya. Baƙin sai a wuta yake fitowa.

Gashin kuwa hawa uku ne a zama ɗaya. Za a hura wuta iska na shiga har zafi ya kai wajen digiri 800, komai ya yi ja. Sannan a zuba ɗanyen itace a toshe kafofin iska, zafi ya tashi zuwa wajen 950, sinadarin ƙarfen da ke cikin yumɓun ya juye, tukunya gaba ɗaya ta yi baƙi. A nan ne wancan tataccen yumɓu yake narkewa ya liƙe, ya toshe kansa. Da aka sake buɗe wa iska hanya, jikin tukunya mai ƙananan kafofi sai ya shaƙi iska ya koma ja, wurin zane kuwa iska ba ta da mashiga, sai ya zauna baƙi mai sheƙi. Wanda ya taɓa ganin matanmu magina suna turara tukunya da hayaƙi don ta yi baƙi zai ga kamar abu ɗaya ne, amma da bambanci: namu hayaƙin ne yake shiga jikin tukunya, nasu ƙarfen cikin yumɓun ne ya sauya. Kuma ba kullum ake dacewa ba. Na sha ɗaukar gutsure wanda rabin dokin baƙi ne rabi ja, wato wuta ba ta ci daidai ba a wannan gefen.

Yanzu ka ƙara girman hotonka ka dubi siraran layukan da ke cikin baƙin, na ido da gemu da ninkin riga. Ba zana su aka yi ba, karta aka yi da tsinke mai kaifi kafin gashi, har jan da ke ƙasa ya bayyana. In ka shafa da farce za ka ji kwarmin. Wallahi ranar da na fara jin wannan a yatsana jikina ya yi sanyi, don nan ne hannun mutumin ya bi, kuma karta ba ta gyaruwa. Inda hannunsa ya zame ya wuce iyakar baƙin, yana nan har yau.

Sukan ƙara launi biyu a kai, ja mai duhu da fari. A Atina al'adar ita ce fatar mace fara, ta namiji baƙa. Farin nan ba ya da ƙarko, shi ya sa za ka ga fuskar mace ta koma baƙa ba ido ba baki. Amma in ka karkata gutsuren a gefen haske, za ka ga inda farin ya zauna ya bar tabo marar sheƙi. Ni da kaina na taɓa goge sauran farin da ya rage a hannun wata mace da buroshi, a makona na farko, kuma abin yana damuna har yanzu. Tun daga ranar ba na sa wa tsingaro ruwa sai na duba shi a bushe.

Kan batun me ya sa ake ajiye fasasshe: gutsure yana gaya maka abin da cikakkiyar tukunya take ɓoyewa. Karayar tana nuna launin yumɓun ciki. Na birnin Korinti da ke Girka, inda aka ƙirƙiro wannan salo wajen shekara ta 700 kafin Miladiyya, fari-fari ne mai ɗan rawaya, kuma sun fi son jerin zakuna da awaki da tsuntsaye, da ƙananan furanni cike da duk wani fili. Na Atina ja ne mai ruwan lemo, su kuma labarin mutane da jarumai ya fi ɗaukar hankalinsu. Ka juya bayan gutsuren: in an shafe cikin da baƙi, daga buɗaɗɗen mazubi ya fito, kofi ko babban kwanon gauraya abin sha. In ciki tsirara ne da sawun juyin hannu, to tulu ne na mai ko na ruwa. Da haka ake bin sawun fatauci, domin an tono irin wannan tsingaro har a Naukratis ta Masar da Tokra ta Libiya.

Akwai ma gutsuren da ya fi tukwane ɗari daraja. A gidan tarihi na ƙasa da ke Atina akwai wani na Sofilos, mai zanen Atina na farko da aka san ya sa sunansa a aikinsa, wajen 580 kafin Miladiyya. Ɗan yanki ne kawai, amma ga dawakan tsere, ga 'yan kallo a zaune hawa-hawa suna ɗaga hannu, ga rubutu yana cewa wasannin jana'izar Patroklos ne, wani jarumi a labaran Girkawa. Shahararriyar tukunyar François ma, wadda Ergotimos ya gina Kleitiyas ya zana wajen 570 kafin Miladiyya, a farfashe aka tono ta kusa da Chiusi a Italiya a 1844. Aka harhaɗa ta, sai a 1900 wani ma'aikacin gidan tarihi ya jefe ta da kujera ta tarwatse gida 638, aka sake haɗawa. Tana birnin Fulorens na Italiya yanzu, da mutane da dabbobi 270 a jikinta.

Wani malami na Oxford, John Beazley, ya ƙarar da rayuwarsa yana gane masu zane ta yadda kowa yake karta kunne, gwiwa da idon sawu, wuraren da hannu yake yi bisa sabo ba tare da tunani ba. Ni ina ganin wani lokaci almajiransa suna wuce gona da iri, su laƙaba wa gutsure mai faɗin farce sunan gwani. Amma tushen hanyar gaskiya ne. Wanda ya saba da layin Eksekiyas, gwanin mai zanen Atina da ya zana tulun da ke gidan tarihi na Vatican, inda jarumai Akilis da Ajas suke wasan dara kowa riƙe da mashi, ba zai rikita shi da na mai aikin kasuwa ba.

Game da naka hoton, gutsuren hagu mai ƙafafun doki yumɓunsa ja ne, kartar kuma mai tsabta ce, don haka ina kyautata zaton na Atina ne na ƙarni na 6 kafin Miladiyya, kafin salon jajayen mutane a kan baƙi da ya ɓullo wajen 530 ya kwace kasuwa. Na dama mai fure ya fi kama da na Korinti. In kana da hoton ɗan katin bayanin da ke gefensu, ka turo mu duba tare.