Ku Tambayi Anti: Me ƙungiyar masu ba da shawara za ta tsinana mini?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na yi digiri a fannin jagoranci da ba da shawara, yau shekara biyu ina aiki a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati. A takarda ni ce mai ba ɗalibai shawara, amma a zahiri aji huɗu aka jibga mini ina koyarwa. Wata ƙawata ta dame ni sai na yi rajista da CASSON, ƙungiyar masu ba da shawara ta Najeriya. Albashi ba ya kai ƙarshen wata, ga NUT, ƙungiyar malamai ta ƙasa, ma tana cirar nata. Don Allah me wannan ƙungiyar za ta tsinana mini?
Malama, daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Wasiƙarki ta ba ni dariya, don kamar ni na rubuta ta a farkon aikina. Ni har surukata ta yi shekara tana faɗa wa maƙwabta cewa matar ɗanta ta zama kansila, don da Turanci sunan aikinmu ya yi kama da haka, ta ɗauka ta mazaɓa ce, tana jiran a yi musu burtsatse.

Kada ki haɗa NUT da CASSON. NUT ƙungiyar ƙwadago ce, ita ke faɗan albashi da ƙarin girma da yajin aiki. CASSON kuwa ta sana'a ce, damuwarta ita ce yadda ake yin aikin da kuma wa ya cancanci yin sa. An kafa ta a Ibadan a 1976, Farfesa Olu Makinde ne shugabanta na farko. Da CAN ake ce mata, sai sunan ya riƙa karo da na ƙungiyar Kiristocin Najeriya, aka sauya. Shekara guda bayan kafa ta, a 1977, manufar ilimi ta ƙasa ta amince da buƙatar masu ba da shawara a makarantu. Kin ga kujerar da kike kai ma ba daga sama ta faɗo ba. A 2022 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu wannan aiki rajista da sa musu ido, abin da 'yan ƙungiya suka daɗe suna fafutuka a kai.

Amma ba tarihi ne ya sa nake biyan kuɗin ƙungiya ba. Wata ranar Laraba ce.

Ofishina a lokacin tsohon sito ne, da karyayyun bencina a jingine da bango da wani kabad da ba ya rufuwa sai an cusa takarda. Wata yarinya 'yar ajin ƙarshe ta shigo, ta zauna tana murza gefen hijabinta, ta fi minti goma ba ta ce uffan ba. Da bakinta ya buɗe, ta faɗa mini abin da ke faruwa a gidansu. Na rubuta kaɗan a littafina na kulle a jaka. Kafin a tashi, masinja ya zo ya ce Hajiya na kira. Shugabar makaranta ta ce an ga wance ta fito daga wurina tana kuka, in kawo littafin ta gani.

Na ce mata, "Ranki ya daɗe, sirrin yarinya ne." Ta ce, "A makarantata?" Gwiwoyina na rawa, na roƙi ta ba ni zuwa gobe. Da daddare na je gidan wata babbar malama da na sani a taron reshen jiharmu. Ta saurare ni, ba ta ko tambayi sunan yarinyar ba. Tambaya ɗaya ta yi: akwai haɗari ga ran yarinyar, ko ana cutar da ita, ko ita za ta cutar da wani? Na ce a'a, rikicin iyaye ne ya hana ta barci da karatu. Ta ce to ba a buɗe littafi. Da akwai haɗari, da dole ne a sanar da wanda zai iya kare ta, kuma a fara gaya wa yarinyar cewa za a faɗa. Washegari na koma na ce wa Hajiya ƙa'idar sana'armu ce ta hana, ba taurin kaina ba, amma ga abin da makaranta za ta iya yi: a bar yarinyar ta riƙa zuwa wurina lokacin tara. Ta harare ni, ta ce in je.

Wannan kalmar, "sana'armu", ita ce abin da kike saya da kuɗinki. Malamin lissafi in ya rikice, ga 'yan'uwansa biyar a ɗakin malamai. Ke kaɗai ce a makarantarki, kuma abin da ake zuba miki a kunne ba ki da ikon kai wa mijinki ko ƙawarki. Dole ki sami wadda ta san aikin, da za ki ce mata "ga yadda na yi, na yi daidai?"

Ba zan yi miki rufa-rufa ba, ƙungiyar na da nata. Babban taron shekara ya fi zama na malaman jami'a masu neman a buga takardunsu a mujallar ƙungiya don ƙarin girma. Na sha zama a baya ina gyangyaɗi ana karanta alƙaluma, alhali abin da ya kai ni shi ne yadda zan yi da yaron da ke shan maganin tari a bayan ɗakin gwaji. Ga kuɗin mota da na masauki daga aljihunki. Don haka kada ki fara da taron ƙasa. Nemi reshen jiharku, ki je zama biyu ko uku tukuna ki ga ko akwai rai a ciki. Akwai kuma wata ƙungiyar ta masu ba da shawara, APROCON, in ita ce ta fi motsi a kusa da ke.

Batun aji huɗun nan, shi za ki fara kai musu. Wasiƙar da reshe ya rubuta wa hukumar makarantu ta fi ƙorafinki ke ɗaya nauyi. Ki tafi da kwafin jadawalinki, ki ja layi a ƙarƙashin duk darasin da kike shiga a mako, su gani da idonsu awa nawa ya rage wa yaran da ke son ganin ki.