Ɗana ya shekara biyu da rabi bai fara magana ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana ya shekara biyu da rabi, amma ban da "mama" da "baba" ba ya cewa komai. In yana son ruwa sai ya ja zanina ya kai ni bakin randa. Uwar mijina ta ce linzami ne, a kira wanzami. Babansa kuma ya ce don muna haɗa masa Hausa da Fulatanci ne. Yaya zan yi?
Wata uwa daga Anka

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya raya mana shi. Kin yi daidai da kika damu, domin yawancin yara kafin su cika shekara biyu sun fara haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "mama zo".

Don Allah ki lallashi Inna cikin ladabi, a bar maganar wanzami. Linzami kan hana jariri kama nono da kyau, amma ba ya hana yaro sanin kalmomi, aska kuma na iya jawo zubar jini. Shi ma maigida ya kwantar da hankalinsa, yare biyu a gida ba ya jinkirta magana.

Fara da kunne. Ki tsaya a bayansa ki kira sunansa a hankali, ki gani ko zai waiwayo. Ko ya waiwayo, a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin tarayya na Gusau a gwada jinsa. Ki gaya wa likita in ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda, shawara yana jariri, ko ciwon kunne mai fitar da ruwa. Tunda a Anka kike, in ana daka dutsen zinari kusa da ku, ki nemi a duba jininsa. Gubar dalmar da ta ɓulla a Anka da Bukkuyum a 2010 tana taɓa ƙwaƙwalwar yara.

Sauran aikin naki ne, kuma nan ne zuciyata take. Masu gyaran magana ba su da yawa a wajenmu, kuma ko a ƙasashen da suke da yawa, iyaye suke koya wa dabarun, don su ke wuni da yaron. Idan ya ja ki bakin randa, kada ki yi saurin miƙa masa moɗa. Ki durƙusa fuskarki ta zo daidai tasa, ki ce "ruwa", ki yi shiru kina kallonsa, kamar ki ƙirga biyar a zuci. Shirun nan da wuya, mu iyaye mata mun saba cike wa yaro baki. Ko "uwa" ya ce, ki amsa da fara'a: "E, ruwa! Ruwa sanyi." Ki ƙara kalma ɗaya a kan tasa, ba tare da gyara shi ba.

Ki daina "ce kaza, ce kaza", takura ce. Gara ki ɗaga kofi biyu ki tambaye shi, "Kunu ko fura?" Wajen wanka ki riƙa ambata hannu, ƙafa, soso. In akuya yake kallo, zancen akuya za ki yi. Yayyensa ma ki hana su amsawa a madadinsa.

A rage ba shi waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara biyu kada ya wuce awa ɗaya a gaban allo a rana.

Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta duk sabuwar kalmar da ya faɗa, ta Hausa ko ta Fulatanci, ki tafi da shi ranar ganin likita.