Mu Huɗu Za Mu Budafes, Kuɗinmu Kaɗan

Tambaya: Ni da abokaina uku za mu yi kwana uku a Budafes, babban birnin Hungari. Yaya za mu sha kallo ba tare da aljihu ya huje ba?

Amsa: Ku kama gida ɗaya mai kicin a Pest, ɓangaren birnin da ke gabashin kogin Danube, ku raba kuɗin huɗu, ku riƙa girkin safe da kanku. Daga filin jirgi ku hau bas 100E zuwa dandalin Deák Ferenc. Tikitinta daban ne, na yini ba ya aiki a cikinta.

Taragon cikin gari (tram) mai lamba 2 yana bin gaɓar kogin Danube, ya wuce ta gindin ginin majalisa. Ku hau da magariba, lokacin da aka kunna fitilu, ginin kamar zinariya a kan ruwa. Amma tikitin takarda sai an cusa shi a na'ura ta buga masa alama. Wanda ya manta, tara ce nan take.

Tsallaka gadar Sarƙa ta 1849 kyauta ne, hawa tudun Gellért ma haka. Kada ku manta da ziyartar kabarin Gül Baba, shehin Daular Usmaniyya ta Turkiyya da ya rasu a 1541.

Kuɗinsu forint ne. Idan na'urar cire kuɗi ta ce za ta yi muku canji, ku ƙi, canjinta akwai cuta.