Ka sake zaman GMAT, amma ka fara buɗe takardar sakamakonka

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka samu maki 595 a GMAT, jarrabawar da makarantun kasuwanci na waje ke nema kafin su ɗauki ɗalibi, kana aikin banki a nan Katsina shekara biyar, kana neman MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, a Ingila ko Faransa a zagayen neman gurbi na Janairu, kuma ka rasa ko ka tura haka ko ka sake zama. Na karanta amsoshin 'yan uwa. Wasu sun ce ka tura, rabo ne. Wani ya ce in ba ka kai 700 ba kada ma ka wahalar da kanka. Ni ma na bi ta wannan hanya kafin in tafi nawa karatun, kuma tun da na dawo nake zama da masu shiri, don haka ga abin da na gani.

Maganar 700 ɗin nan a fara gyara ta, don tana karya wa yara gwiwa a banza. Tsohon ma'auni ne, na jarrabawar da aka daina a farkon 2024, wadda makinta ke tsakanin 200 da 800. Wadda ka rubuta, da aka fara a Nuwamban 2023, daga 205 take zuwa 805, kuma su kansu GMAC masu jarrabawar sun ce 645 na yanzu shi ne kwatankwacin 700 na da. Ke nan maki 50 ne tsakaninka da wurin da ake ta kururutawa, ba 105 ba.

Ra'ayina ka sake. Abin da ya sa na ce haka yana cikin bayanan da ka bayar da kanka: 81 a lissafi, 83 a sashen Turanci, 74 a Data Insights, wato sashen nazarin jadawali da bayanai, kuma a gwajin gida kana samun 635 zuwa 655. Wanda ya samu 595 alhali a gida ma 595 yake samu, wannan iyakar shirinsa ke nan a yanzu, in ya koma bayan sati uku kuɗinsa kawai zai zubar. Kai kuwa akwai abin da ya faru ranar jarrabawar, kuma ana iya gano shi. Sai dai in tambaye ka tsakani da Allah: gwajin gidan nan na mba.com ne, shafin masu jarrabawar, ko na wasu kamfanoni? Ka yi shi a zama ɗaya, awa 2 da minti 15, waya a kashe, ko kana tsayar da agogo ka je ka sha shayi ka dawo? Shin maimaita gwajin da ka taɓa yi ne, har kana tuna wasu tambayoyin? In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, 655 ɗin nan ba naka ba ne tukuna.

Ka shiga shafinka na mba.com ka buɗe cikakken rahoton da ke zuwa tare da sakamako, yanzu kyauta ne. Akwai jadawalin da ke nuna tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, minti nawa ka ɓata a kowace, da wadda ka ci da wadda ka faɗi. Wani yaro da na duba wa nasa a kan wayarsa, bayan sallar isha'i a ƙofar gida, ya rantse mini shi matsalarsa ba ya gane jadawali da zane-zane. Muna buɗewa sai ga tambaya ta huɗu ta cinye masa kusan minti bakwai, kuma ya faɗe ta. Daga tambaya ta 16 zuwa ta 20 kuwa daƙiƙa ashirin-ashirin, canka kawai yake yana gudu. Tambaya 20 ce a minti 45, wato minti biyu da kaɗan kowace. Ilimin yana da shi, taurin kai ne ya kayar da shi: ya ƙi sakin tambaya ɗaya. Alhali jarrabawar yanzu tana ba ka dama ka yi wa tambaya alama, ka wuce, in lokaci ya rage ka dawo ka canza amsa har uku a kowane sashe. Ina kyautata zaton naka rahoton zai yi kama da wannan, don ma'aikacin banki da ke yini cikin alƙaluma ba zai samu 81 a lissafi ba sannan a ce bai iya karanta jadawali ba.

Kuma lissafin yana gefenka. Sassan uku nauyinsu ɗaya, kowanne daga 60 zuwa 90, ke nan maki ɗaya a sashe yana motsa jimla da kamar shida zuwa bakwai. Ka ɗaga 74 ɗin nan zuwa 80, ka ƙara ɗaya-ɗaya a sauran biyun, ka iso unguwar 645. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan mai neman tura 83 zuwa 88.

Ga kuma abin da masu cewa "tura kawai" suke mantawa. Mu nan ba gurbi kaɗai muke nema ba. Takardar shiga makaranta ba tare da tallafi ba, a farashin fam da yuro na yau, takarda ce ta ajiyewa a durowa. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, albashin banki na shekaru ba ya biyan shekara ɗaya a can. Makarantu da yawa suna duba makin nan wajen raba nasu tallafin, don yana shiga matsakaicin da suke wallafawa na ajinsu. Da 595 da labari mai kyau wata makarantar za ta iya ɗaukarka. Ta rage maka kuɗi kuwa, wannan wata magana ce. In Chevening kake hange, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, su ba sa tambayar GMAT, amma suna da iyakar abin da suke biya na kuɗin MBA, ragowar a wuyanka yake, kuma dole makarantar ta karɓe ka kafin a tabbatar maka da tallafin.

Kada tsoron faɗuwa ƙasa da 595 ya hana ka. A tsarin yanzu sai ka ga makinka sannan ka zaɓi inda za a tura, kuma rahoton da ke zuwa wa makaranta na zaman da ka zaɓa ne kaɗai. Ƙa'ida dai sai kwana 16 sun wuce tsakanin zama da zama, ba a wuce sau biyar cikin wata 12, kuma makin yana aiki shekara biyar.

Inda nake jin tsoro shi ne lokaci. Muna Oktoba. In ka sa ranar a farkon Disamba, kana da sati shida zuwa bakwai na shiri, sakamako ya fito, ka samu sararin rubuce-rubucen neman gurbi. Kada ka wuce haka. Na ga wanda ya bi maki har ƙarshen Disamba, ya ƙara talatin, sannan ya rubuta dalilinsa na son MBA a dare biyu, kuma ya je wa manajansa da roƙon wasiƙar shaida saura kwanaki a rufe, lokacin da reshe ke fama da rufe lissafin shekara. Wasiƙar ta fito layi biyar: yaron kirki ne, yana zuwa aiki a kan lokaci. Maki talatin ba sa gyara irin wannan. Ka je wa masu rubuta maka tun wannan satin, ka tuna musu ayyukan da ka yi da hannunka, misali in kai ka jawo 'yan kasuwar hatsi na Dandume ko Funtua suka buɗe asusu, a rubuta shi da adadi.

Batun inda za ka zauna: ana iya yi a gida ta intanet, amma mai sa ido zai sa ka zagaya ɗakin da kyamara, ba mai shigowa, ba a yarda layi ya yi ta yankewa ba. Gidan da yara ke bubbuga ƙofa kuma wuta ba ta da alƙawari, ni ban ba da shawara ba. Ka tafi cibiyar jarrabawa, ka isa garin kwana ɗaya kafin ranar, ka yi barci. Kada ka kwana a mota ka shiga ɗakin jarrabawa da ƙurar hanya. Kuɗin zama ya tasam ma dala 300, ga mota ga masauki, don haka ka ɗauka wannan ne na ƙarshe a bana.

Wani ya kawo maganar komawa GRE, wata jarrabawar daban ta shiga digiri na biyu. Makarantu da yawa suna karɓar ta, gaskiya ne, amma tana son tarin kalmomin Turanci da sabon shiri daga tushe. Mai sauya doki a tsakiyar kogi ba ya tsira da kaya. In kuma ka zauna ka ga niyyarka ci gaba ce a bankin nan gida, MBA na ABU Zariya ko na Dangote Business School a BUK ba GMAT suke nema ba, sai ka huta da dalolinka.

Ka turo hoton shafin lokacin nan na Data Insights, ka rufe sunanka da lambarka, mu duba tare kafin ka biya kuɗin rajista. Allah Ya sa a dace.